Zauren Tambaya: Wa zai biya kuɗin gwajin na'urorin zamani a unguwannin Jos?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke: na'urorin da ake kafawa a gari su riƙa kawo labarin ruwa, wuta, shara da tsaro, da inda za a samo kuɗin gwada su kafin a baza ko'ina. Mun zaɓi shida daga Jos, mun taƙaita su, mun cire sunaye. Injiniyan lantarki da akanta da lauyan wannan shafi ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar ci gaban unguwa a Rikkos. Tun ambaliyar watan Yulin 2012 da ta ci rayuka da gidaje a nan da Gangare, da hadari ya haɗu da dare ba ma runtsawa. Wani ɗanmu da ya karanta injiniya ya ce akwai na'urar da ake maƙalawa a gada ta riƙa auna ruwa tana gargaɗin mutane. Muna son gwadawa. Wa za mu tunkara da ƙoƙon bara, kuma me za mu rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ɗanku ya faɗi gaskiya, na'urar tana nan, kuma tsadarta ba za ta gagari unguwa ba. Amma kafin ku fita da ƙoƙon ku zauna ku shirya amsar tambayar da duk mai ba da tallafin da ya san aikinsa zai fara yi muku: ranar da kuɗinmu ya ƙare, wa zai sa wa layin wayar na'urar kati, wa zai hau gada ya share na'urar? Yawancin ayyukan gwaji lafiya lau suke shekarar farko. A wata na goma sha uku suke mutuwa, lokacin da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa.

Ga abin da aikin yake buƙata. Sensa ce ake ɗaurewa a ƙarƙashin gada tana kallon ruwa. Mai arahar tana harba sauti ƙasa ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, da haka take gane ruwa ya taso. Akwai mai aiki da rada, ta fi tsada amma zafi da sanyi ba sa rikita awonta, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da rana da dare suke da bambanci irin na Jos. Kowace tasha tana son farantin sola na wat 20, batir mai bolt 12, akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da layin waya a ciki. A cikin unguwa kuma jiniya ɗaya ko biyu, da jerin lambobin waɗanda saƙo zai je wa: mai unguwa, ladanai, shugabannin matasa, 'yan sintiri. Ku kuma shafa fenti a ƙafar gada, kore da ruwan ɗorawa da ja, da alama a kowane rabin mita, don ranar da na'ura ta yi gardama ido ya karanta.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wurin kafawa. In kuka kafa a gadar tsakiyar unguwa, na'urar za ta gaya muku abin da ƙafarku ta riga ta sani. Sama ake zuwa, ɓangaren da ruwan yake gangarowa. A ce tashar tana nisan kilomita 3 daga gidajenku, ruwan kuma yana gudun mita 2 a sakan ɗaya. Zai iso ku cikin sakan 1,500, wato minti 25. In kuwa na'urar sai bayan kowane minti 10 take aiko da awo, kuna iya asarar kusan rabin wannan lokacin a banza. Sai a saita ta haka: in lafiya lau, awo kowane minti 10 don tattalin batir, da ruwa ya taɓa alamar ruwan ɗorawa ta koma kowane minti ɗaya. Tasha biyu a sama da ɗaya a cikin unguwa sun isa gwaji. Wani zai ce ku sayi babbar eriyar LoRa, wato rediyon da ke ɗauko bayanan na'urori daga nesa, a kafa a kan bene. Don tasha uku asarar kuɗi ce, ga duwatsun Jos da ke tare sigina. Layin waya a kowace tasha ya wadatar, bayanan da take aikawa a wata ba su da yawa. Ku dai yi rajistar layukan da sunan ƙungiya, domin layin da aka yi da sunan wani yaro yakan bi shi in ya tafi hidimar ƙasa.

Abin da ke zubar wa irin wannan aiki mutunci shi ne jiniyar ƙarya. Gizo-gizo ya yi saƙa a bakin sensa, ko leda ta maƙale, ko yara suka rataya wani abu, jiniya ta tashi ƙarfe biyun dare, tsofaffi da masu jego suka fito cikin sanyi, ruwa kuwa babu. Sau biyu kacal za a yi haka, a na uku kowa ya gyara kwanciya. Maganinsa a sa na'ura kada ta yarda sai awo uku a jere sun nuna abu ɗaya, sannan mutum ɗaya da ke kusa da tashar sama ya tabbatar ta waya kafin a danna jiniya.

Kasafin kuma ga yadda muke ba da shawarar a raba shi. Kaya da kafawa kada su wuce rabin kuɗin. Kashi 20 cikin ɗari na tafiyar da aiki damina biyu: kati, alawus ɗin matasa biyu masu zagaye, batir da sensa ɗaya ta ajiya. Kashi 10 na horarwa da gwajin fita, wato a sa rana a busa jiniya da sanin kowa, a ga minti nawa mutane za su ɗauka kafin su kai tudu. Kashi 10 na rubuta sakamako. Ragowar 10 na ko-ta-kwana, kuma kada ku ji kunyar rubuta shi. Duk wanda ya yi kasafi a farkon 2023 da dala a kusan naira 460 ya zo sayen kaya a farkon 2024 ya tarar ta haura 1,500 ya san amfaninsa. Kayan da ake shigowa da su daga waje ku saye su da kason farko na kuɗin.

Ƙofofin da za ku buga. Ta kusa ita ce jami'a. Malaman Jami'ar Jos da sauran manyan makarantun gwamnati suna iya neman kuɗin bincike daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ku ba ku iyawa. Malamin da ke nazarin ruwa ko lantarki yana neman filin gwaji da bayanai, ku kuna neman kaya da ƙwararre, sai a haɗa hannu. Amma a rubuta tun farko cewa bayan bincike na'urorin za su zauna a unguwa, ba a kwashe su a kai ɗakin ajiyar sashe ba. Ta biyu shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a watan Disambar 2021, ya kuma shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kan zaizayar ƙasa da kula da magudanan ruwa. Ba bankin za ku rubuta wa ba, ofishin shirin na jiha za ku je, ta hannun ma'aikatar muhalli. Ku kai wa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha kwafi, domin gargaɗin da ba ta san da shi ba rabin gargaɗi ne. Ta uku kamfanonin waya da bankuna masu ware kuɗin hidimar al'umma. Su ba kasafai suke ba da tsabar kuɗi ba, amma data da saƙonni kyauta na shekara biyu sun fi sauƙin samu, kuma su ne ainihin abin da ke ƙarewa.

Duk ƙofar da kuka buga za a tambaye ku takardu. Rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda take buƙatar sanarwa a jaridu da jiran kwana 28 ko akwai mai ja. Takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda banki zai nema kafin ya buɗe wa ƙungiya asusu. Asusun kuma mai masu sa hannu aƙalla biyu. Ku ware wa wannan wata uku. Takardar neman tallafin kanta shafi huɗu ya isa: matsalar, wuraren tasha uku da hotunansu, kasafi, wanda zai riƙe aikin bayan tallafi da sa hannunsa, sai abin da za ku auna a damina ɗaya. Sau nawa ruwa ya kai ja, sau nawa gargaɗi ya fita, minti nawa aka samu kafin ruwa ya iso, sau nawa jiniya ta yi ƙarya. Ku nuna cewa unguwa ta tara nata, ko da kashi 10 ne. Kafawa a watan Fabrairu ko Maris ake yi, lokacin da rafi ya janye, ba a fafe gora ranar tafiya. In kun fara neman kuɗi bayan ruwan farko, damina mai zuwa kuke yi wa shiri.

Tambaya: Ni jami'i ne a wata ƙungiyar 'yan gwari a Farin Gada. Motocin kabeji da karas da dankali da asuba suke sauke kaya, cikin duhu. Wani kamfani ya ce zai kafa mana fitilun sola 40 masu aiko da rahoto ta waya, ba za mu biya komai yanzu ba, sai kowace rumfa ta riƙa ba da naira 200 a mako. Ya ce gwaji ne. Mu karɓa?

Amsa: Alhaji, tsarin kansa ba shi da laifi. Ya ma fi a ba ku kyauta, domin wanda zai ci gaba da karɓar kuɗi duk mako yana da dalilin dawowa ya gyara. Sai dai kada ku sa hannu sai kun yi lissafi biyu.

Na farko na kuɗi. A ce rumfuna 400 ne. Naira 200 sau 400 ya zama 80,000 a mako, 4,160,000 a shekara, in kowa ya biya. Kowa ba zai biya ba. Ku ɗauka bakwai cikin goma ne za su biya, kun sauko 2,912,000. Ku tambayi kamfanin da wane daga cikin adadin biyu ya yi nasa lissafin, shekara nawa zai yi yana karɓa, kuma bayan nan fitilun na wa ne. In ya yi da na farko, nan da wata shida zai zo yana cewa ƙungiya ta cike giɓi, kuma kuna iya tarar da cewa takardar da kuka sa wa hannu ta ba shi wannan damar.

Na biyu na wuta. Kada ku kula da "wat 300" ko "wat 500" da ake rubutawa a kwali, araha ba ta ado. Ku tambayi ainihin abin da fitilar take ja. Fitila mai jan wat 40 a kan turke mai mita 6 zuwa 8, da tazarar mita 25 zuwa 30 tsakanin turaku, ta isa layin kasuwa. In ta yi awa 5 da cikakken haske, awa 7 da kashi 30, tana cin wat-awa 284 a dare. Don ta jure dare biyu ba rana, batirin lithiyam mai bolt 12.8 da amfiya-awa 60 take so, faranti kuma wat 150, saboda a watan Agusta Jos takan yi kwanaki rana na leƙe kawai. Duk wanda ya kawo muku faranti ɗan wat 40 a manne da kan fitila ya ce za ta kai asuba a damina, ku ce ya kafa guda biyu ku gani tukuna.

Akwai abin da ya shafe ku musamman. Kusan duk kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa caji da hasken fitilar, daga masana'anta an saita ta ne ta ba da cikakken haske da magariba ta rage bayan tsakar dare. Ku kuwa aikinku daga ƙarfe huɗu na asuba yake. In ba a juya saitin ba, daidai lokacin da 'yan dako suke sauke buhuna fitila za ta zama kamar aci-bal-bal. Ku sa a rubuta: cikakken haske awa biyu bayan magariba, ragi da dare, cikakken haske daga ƙarfe uku da rabi zuwa wayewar gari.

Rahoton da fitilun suke aikowa shi ne makaminku, saboda haka ƙungiya ma ta samu damar ganinsa, ba kamfani kaɗai ba. Da shi za ku ɗaura biya a kan aiki: in fitilu 38 cikin 40 sun kwana a kunne, a biya cikakke, duk fitilar da ta wuce kwana uku a mace, a cire kasonta. Kuɗin rumfuna ya shiga asusu na daban mai sa hannun ɓangare biyu, kuma a riƙa ware wani abu na canjin batir. In kun ɗauka batir zai yi shekara biyar, kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa ake ajiyewa kowace shekara. Garanti kuma a fayyace: na batir daban, na faranti daban, da wanda zai ɗauki asarar sata. Batir ya kasance a sama, ƙusoshin akwati irin waɗanda sufana ta kasuwa ba ta kwancewa. Kowane turke da atin ɗinsa, wato sandar tagulla a ƙasa, domin aradun Filato ba ta wasa da kwantirola. Da hunturu kuma yaro ɗaya da doguwar sanda mai tsumma ya riƙa goge ƙura duk mako biyu.

Sannan in gwaji ne da gaske, fitilu 40 sun yi yawa. A fara da 10 a layin da ake sauke kaya, daga Yuni zuwa Satumba. Ku kuma nemi izinin hukumar da ke kula da kasuwar da na JMDB, hukumar raya birnin Jos, a rubuce kafin a haƙa rami.

Tambaya: Na gama digiri a kimiyyar kwamfuta. Ni da ƙawayena biyu mun haɗa manhajar da mutum zai kira mai kwasar shara ya biya ta waya. Muna son gwadawa a Anguwan Rogo amma ba mu da jari. An ce gwamnati tana da asusun tallafa wa irinmu.

Amsa: Sannunku da ƙoƙari, 'yar'uwa. Akwai dokar ƙananan kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a watan Oktoban 2022. Ta tanadi asusun jari wanda hukumar zuba jari ta ƙasa, NSIA, za ta riƙe, da aƙalla naira biliyan 10 a shekara. Kafin kamfani ya amfana sai ya samu shaida ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, kuma sai ya kasance mai rajistar "limited", bai wuce shekara 10 ba, 'yan Nijeriya da suka kafa shi na riƙe da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jari. Ku yi rajistar, ba ta da illa. Amma kada ku zauna jiran wannan asusu, abin da ke takarda da abin da ke shiga aljihu tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe neman tallafin dala 5,000 a farkon kowace shekara, ba rance ba ne, kuma ya fi dacewa da matakin da kuke. Asusun ƙirƙira na GSMA, ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta duniya, ya taɓa buɗe zagaye na musamman kan shara da ruwa da makamashi a birane, amma waɗanda tuni suke ciniki yake nema. Ku riƙa leƙa cibiyar fasaha ta nHub da ke Jos da PICTDA, hukumar fasahar sadarwa ta jiha, don jin abin da ya buɗe.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi muku daɗi ba. Manhaja ita ce mafi arha a wannan sana'a. Tsadar tana wajen baro, keken kwasa, mai, safar hannu, da wurin juyewa. Kafin ku nemi kuɗin kowa ku yi gwajin da bai buƙatar manhaja: layi biyu, gida 60, masu baro biyu da suke aikin tun da, littafi ɗaya da lambar waya ɗaya, mako takwas. Ku rubuta gida nawa suka biya a mako na ɗaya da na takwas, da nawa kwasar buhu ɗaya ta ci muku. Ku lura wa ke biya, domin a gidaje da yawa matar gida ce ke hulɗa da mai shara, wayar zamani kuma tana aljihun maigida a kasuwa. In haka ne, lambar dannawa irin ta duba kati ko wakili mai POS zai fi manhaja amfani. Ku samu takarda daga PEPSA, hukumar tsaftar muhalli ta jiha, da ta nuna inda aka yarda ku juye. Wannan littafin da wannan takardar sun fi hotunan manhaja nauyi a gaban mai ba da jari. Wanda kuma ya ce zai ba ku kuɗi kaɗan ya karɓi rabin kamfani tun yanzu, ku gode masa ku wuce.

Tambaya: Ni kansila ne a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin cikin gari. Ina son a sa kyamarorin tsaro 16 a mahaɗun mazaɓata a matsayin gwaji, in ya yi kyau a faɗaɗa. Ta wace hanya zan shigar da shi kasafi?

Amsa: Honorabul, ranka ya daɗe, a cikin duk ayyukan da aka tambaye mu wannan ne ya fi cin kuɗi bayan kafawa. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 ta hanyar sadarwar tsaro da kyamarori, akasari a Abuja da Legas, da rance daga bankin Exim na Sin. Bayan 'yan shekaru majalisa na binciken dalilin da ya sa kyamarorin ba sa aiki, rancen kuwa ba ya jiran kyamara ta gyaru. Naka ƙarami ne, amma ramin iri ɗaya ne.

Duba lissafin. Kyamara ɗaya mai aika megabit 2 a sakan tana cika gigabait 21.6 a rana, kusan 650 a wata. Guda 16 sun haura terabait 10 in ana son ajiye hoton kwana 30. Wuta kuma, kyamarori da na'urar naɗa da na haɗawa za su ja wajen wat 220 dare da rana, sama da kilowat-awa 5 kullum, kuma ba za ka jingina da wutar gari ba. Ga hanyar da hoto zai bi ya isa ɗakin kallo. In wayar fayiba ce akwai kuɗin izinin haƙa, wanda gwamnoni suka amince da naira 145 a kowace mita, ban da kuɗin wayar da haƙar kanta. In rediyo ne sai eriya ta hangi 'yar'uwarta, tudu ko bene ɗaya ya shiga tsakani magana ta ƙare. Sai masu kallo: awa 24 tana son aƙalla mutum huɗu masu karɓa-karɓa. Kyamarar da ba mai kallo, ba kuma motar da za ta fita in an ga abu, ado ce.

Saboda haka a kasafi layi biyu kake buƙata, na manyan ayyuka da na yau da kullum, a shekara ɗaya. In na farko kaɗai aka amince, ka haƙura, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan ce ma matsalar ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, saye da kafawa kawai suke biya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma aiwatarwa na tafiyar hawainiya, kada ka gina lissafi a kansa. Kwangila ta bi dokar bayar da kwangila ta jiha, da farashi daga kamfanoni aƙalla uku. Biya kashi-kashi: wani bayan kaya sun iso an duba lambobinsu, wani bayan kafawa, sai a riƙe kashi 20 har kyamarorin sun yi wata shida suna aiki, damina a ciki.

Lauyanmu ya ƙara da cewa hoton fuskar mutum bayanin sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023. Irin wannan aiki yana buƙatar nazarin haɗarin da zai jawo wa mutane kafin a fara, in kuma bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar, awa 72 ake da su a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC. A sa allon sanarwa a inda kyamara take, kada ta leƙa tsakar gidan kowa, a rubuta wa ke da ikon ganin hoto da kwana nawa ake gogewa. Kai ka fi mu sanin Jos: unguwar da ta ji cewa an kafa kyamara ne don a sa mata ido ita kaɗai, ba za ta bar ta ta kwana ba. Kwamitin da zai kula da ɗakin kallon ya haɗa 'yan sanda da masu unguwanni da shugabannin masallatai da coci-coci na duk ɓangarorin da abin ya shafa. In so samu ne ma, ka fara da haske a mahaɗun, da kyamara huɗu kawai.

Tambaya: An turo mana saƙo cewa wata gidauniya a Turai ta zaɓi ƙungiyarmu ta matasa a Bukuru don tallafin birni na zamani, amma mu tura naira 85,000 kuɗin tantancewa.

Amsa: Kada ku tura ko sisi, samari. Mai ba da tallafi ba ya zaɓar wanda bai nema ba, ba ya kuma karɓar kuɗin fom. Kada ku ba su hoton takardar CAC ko lambar BVN ta shugabanninku.

Tambaya: Wata ƙungiya ta kafa mana mitar kati a famfon burtsatsen unguwa a Nasarawa Gwong, mutum ya sa kati ruwa ya zubo. Tallafinsu zai ƙare nan da wata uku. Ni ce ma'ajin kwamitin. Me za mu karɓa daga hannunsu kafin su tafi?

Amsa: Hajiya, kin yi tambayar a kan lokaci. Ki nemi takardar miƙa kaya mai lambar kowace na'ura. Ki nemi sunan shiga da kalmar sirri ta babban mai iko a manhajar, ba ta mai kallo kawai ba, kuma a canza ta a gabanki. A mayar da layukan waya da asusun da kuɗin ruwa ke shiga sunan kwamiti. Ki tambaya a rubuce nawa ne kuɗin manhajar a shekara, da naira ko da dala, da ranar da zai ƙare, domin wasu mitocin da an daina biya suke kulle famfo. A ba ku bayanan cinikin duk watannin da suka wuce a fayil ɗin da Excel ke buɗewa, da su za ki gane ko kuɗin jarka yana ɗaukar gyaran famfo da albashin mai kula. A bar muku bawul ɗaya da na'urar karanta kati ɗaya na ajiya, da katuna marasa rajista, da lambar mai sayar da su a Nijeriya. A koya wa mutum biyu, ɗaya mace, yadda ake cire matatar da ke gaban mita a wanke, saboda yashin burtsatse shi ke fara toshe ta. Sannan mai aikin famfo ya sa muku bututun kewaye mai kwaɗo, makulli ɗaya a hannunki, ɗaya a hannun mai unguwa, don ranar da mita ta tsaya a buɗe a sayar da ruwa da hannu ana rubutawa a littafi.